Ƴar reno ma ma'aikaciya ce

Da yawa cikinmu, in za mu kasuwa ko taron asusu, ƴar reno muke bar wa yaro. Ƙarshen wata mu miƙa mata abin da ya samu, shi ke nan. To ƴan uwa, a idon doka ma'aikaciya ce, wajibi ne mu yi mata rijista a CNSS. Ana cire kashi 5,25 cikin ɗari daga albashinta, mu kuma mu ɗora 16,4 daga aljihunmu. Tun Janairun 2024 mafi ƙarancin albashi jika 42 ne, kasonmu ya kusa jika 7 ke nan kowane wata. Akwai nauyi kam. Amma ran da ruwan zafi ya ƙona ta a gidanmu, ba rijista, kuɗin magani a wuyanmu yake.