Abin Da Ya Sa Wani Kyandir Ke Gumi

 

A bazarar da ta wuce na kai wa gwaggona ziyara a wani ƙauye cikin ƙasar Dambatta. Ku da kuka san wajen kun san yadda yake, gona manne da gona, gida na kallon gida, ba wani daji sai ɗorawa da kuka da gawo tsaitsaye cikin gonaki. Da aka yi sallar magariba, jikarta, 'yar aji biyu a sakandare, ta shiga ɗaki ta ɗauko kyandir za ta yi bitar karatu, don batirin tocila ya ƙare. Sai ga kyandir ya fito a lanƙwashe kamar lauje, takardar da aka naɗe shi da ita duk ta jiƙe da maiƙo. Gwaggo ta ce ai zafin kwano ne. Yarinya ta ce, “To, Gwaggo, wanda Kawu ya kawo daga Kano fa? A taga ɗaya aka ajiye su, shi ga shi nan a miƙe.” Gwaggo ta ce ta cika tambaya. Ni kuwa na ga tambayar ta isa a amsa ta, shi ya sa na kawo muku ita wannan fili yau.

Da farko dai, uwargida, ki sani kyandir ɗin kanti ba da kakin zuma ake yinsa ba. Yawancinsa da kakin fetur ne, watau wani farin kaki da ake fitarwa daga ɗanyen man da ake haƙowa daga ƙasa, man nan da ke ba mu fetur da kananzir da kwalta. Wani Bajamushe masani, Karl von Reichenbach, shi ya fara gano irin wannan kaki a 1830, Turawa suka sa masa suna farafin. Kafin nan sai mai hali ke ƙona kyandir na kakin zuma, talakan Turai kuwa na kitse yake kunnawa, mai hayaƙi da ƙauri, kamar yadda kakanninmu suka yi fama da fitilar man gyaɗa da aci-balbal.

Abin da zai ba ki mamaki, masu matatar mai ba kaki suka fita nema ba tun asali. Man inji suke so, wanda ake zuba wa mota da injin niƙa da injin ban-ruwa. To, amma man nan yana fitowa da kaki narke a cikinsa. Kin ga yadda manja ke daskarewa a kwalba da hunturu, sai kin kai shi rana ko kusa da murhu kafin ya zubo? Haka man inji zai yi da sanyi in an bar kakin a ciki, ya ƙi gudana, inji ya lalace. Saboda haka tilas a raba su. Sai a sanyaya man ƙwarai, sanyin da ya wuce na ƙanƙara, kakin ya daskare, a tace shi a fitar.

Kakin da ya fito a wannan tacewa ta fari bai gama zama kaki ba. Ruwan ɗorawa ne ko ƙasa-ƙasa, da laushi, da maiƙo, da wari. Mai na nan maƙale a cikinsa, wani lokaci kashi 5 cikin 100, wani lokaci har ya haura kashi 20. In kina sana'ar ƙuli-ƙuli kin riga kin gane maganar. Kin soya gyaɗa, kin kai inji, kin zuba a turmi kina juyawa kina yayyafa ruwan zafi har mai ya taso kin kwashe. Abin da ya rage tunkuza ce. In kika yi ƙyuya ba ki matse ta sosai ba, ƙuli-ƙulinki ba zai yi ƙaras-ƙaras ba, zai yi lagwab, ya ɓata takarda, mai talla ta dawo miki da shi. To, ɗanyen kaki tunkuza ce da ba a gama matsewa ba. Kyandir ɗin gwaggona da irin wannan kaki aka yi shi, ko kuwa an gauraya mai kyau da shi don a sami arha.

Yaya ake raba kakin da sauran man? A da, gumi ake sa shi. A zuba narkakken kaki a manyan farantai masu raga a ciki, a bar shi ya daskare, sa'an nan a rufe ɗakin a riƙa ƙara masa ɗumi sannu-sannu. Mai da kaki mai laushi su riƙa tsattsafowa suna ɗiga, mai tauri ya tsaya bisa raga. Aikin na cin kwanaki, kuma ba kowane irin kaki ke yarda ya saki mansa ta haka ba. Lura da kyau, abin da tagar gwaggo ta yi wa kyandir ke nan. Ɗakin kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi a ƙasar Kano ke kai digiri 40 har ya wuce, ai ɗakin gumi ne sosai. Aikin da matata ta bari rana ta kama yi, sai dai ita a kan takardarki ta zubar da man.

Wajen 1930 masana a Amurka suka fito da wata dabara wadda ta fi sauri, ita ce matatu da yawa ke bi har yau. Dabarar wanki ce, amma ba da ruwa ba. Ke ma kin san in fenti ko baƙin mai ya taɓa hannu, ruwa ba ya fid da shi, sai an goga kananzir. Kowane abu da irin ruwan da ke narkar da shi. Sai aka nemo ruwan sinadari iri biyu aka haɗa. Na ɗaya ana ce da shi MEK, ɗan'uwan ruwan nan ne mai ƙarfin wari da 'yan mata ke goge jan farce da shi. Na biyu sunansa toluwin. Toluwin na son mai, ya narkar da shi ya riƙe. MEK kuwa ba ya shiri da kaki, in an yi sanyi sai ya tilasta masa ya ware ya dunƙule. Ɗaya na ja, ɗaya na kora, ka ji aikin gayya.

Ga yadda abin ke tafiya. A narkar da ɗanyen kakin, a gauraya shi da wannan ruwa, a tura cikin dogayen bututai masu sanyi. A cikin bututan akwai wuƙaƙe masu juyawa suna kankare bango, don kada kaki ya like ya toshe hanya, kamar yadda kike kankare gindin tukunya da mara. Kakin ya riƙa fitowa ƙanana-ƙanana kamar tsakin gishiri yana yawo cikin ruwan, ya zama wani abu mai kama da farin kunu. Daga nan sai wurin tata. Wata ƙatuwar ganga ce kwance, an naɗe ta da ƙyalle, tana juyawa a hankali, gindinta tsome cikin kunun, ana zuƙe iskar cikinta. Ruwan sinadari da man da ya ɗauko su bi ta ƙyallen su shige ciki, kakin ya manne a waje. Gangar na juyowa sama ana fesa masa sabon ruwan sinadari, watau ɗauraya, kāna a kankare shi ya faɗa kwatami. Duk wadda ta taɓa tace gasara da ƙyallen tata ta ga ƙanwar wannan na'ura. In ana son kaki na ƙwarai sai a maimaita sau biyu.

Akwai wata hikima a nan da ta burge ni. Sanyin da ake sawa a wannan zagaye bai kai na tacewar fari ba, da gangan. Domin ba mai kaɗai ake so a kora ba, har da kaki mai laushi, wanda ke narkewa da ɗan zafi kaɗan. In an sassauta sanyin sai mai laushin ya zauna a narke ya bi mai su fita tare, mai taurin kaɗai ya tsaya a ƙyalle. Ashe da ma'aunin sanyi ake zaɓen irin kakin da ake so.

Kada ki ce to ai an bar mana sinadari cikin kyandir. Ba a bari, don tsada gare shi. Ana dafa kakin, shi MEK da zafi ya kai digiri 80 sai ya tashi ya zama tururi, toluwin kuma wajen 110, a tare tururin a sanyaya a sake aiki da shi. Daga ƙarshe a bi kakin da wata irin ƙasa mai shan launi, ko da iskar haidurojin, don a kashe wari da sauran ƙazanta, a zuba shi a ma'auni ya fito allo-allo, fari tas. Wanda aka tace sarai, cikin kilo 200 man da ya rage bai kai kilo 1 ba. Irinsa ba ya narkewa sai zafi ya kusa digiri 60. Shi ne amsar tambayar yarinyar nan: kyandir ɗin Kawu ya sha wanki, na gwaggo bai sha ba.

Wannan aiki fa ba a Turai kaɗai aka san shi ba, an yi shi nan kusa da mu. Matatar mai ta Kaduna, wadda kamfanin Chiyoda na ƙasar Japan ya gina aka buɗe a 1980, an ƙara mata sashen man inji a 1983, a cikinsa kuwa har da na'urar MEK da wurin zuba kaki. Ita kaɗai ce cikin matatun gwamnati aka shirya don wannan. Wani abin mamaki, ko da yake tun 1956 aka sami mai a Oloibiri, ɗanyen manmu na Nijeriya bai dace da yin man inji ba, sai aka riƙa sayo mai nauyi daga ƙasashe irin su Benezuwela da Kuwait da Saudiyya, a sauke a bakin teku a turo shi ta bututu har Kaduna. Matatar ta yi shekaru da yawa tana tsaye, masu yin kyandir suka koma dogara ga kakin da ake shigowa da shi, ƙasar Sin kuwa na cikin manyan masu sayar da shi a duniya. Abin da ciwo, amma ba shi muka zo yi ba yau.

To, me ya shafe ki, uwargida? Kuɗinki da ɗakinki. Kyandir mai maiƙo na saurin ƙarewa, yana zuba, yana hayaƙi ya baƙanta rufi da hancin yara. Mafi muni, in ya ɗauki zafi yana iya sunkuyawa yana ci, ya faɗa kan katifa ko gidan sauro. A garuruwanmu kuwa, daga Bichi zuwa Kunchi da Makoɗa, inda danga ke jingine da danga, kara da harawa jibge a kan rufi bayan kaka, rumbu a tsakar gida, gobarar ɗaki ɗaya ba ta tsayawa a ɗaki ɗaya. Na san yanzu fitilar sola da tocila sun shiga ko'ina, madalla da su, amma ba gidan da ba a ajiye kyandir don ranar da suka ƙi.

In za ki saya, ko za ki aiki yaro, a duba takardar, in ta yi tabon mai a bar shi. Murza shi a yatsa, mai kyau a bushe yake da santsi, ba ya barin danƙo. Danna farce, in ya shige kamar sabulun da ya jiƙa ba shi ba ne. Shinshina, kada ki ji warin kananzir. Amma kada in ɗora wa kaki laifin da ba nasa ba: ko kyandir mai kyau zai yi hayaƙi in lagwani ya yi tsawo ko iska na kaɗa shi, sai ki datse lagwanin. Ku kuma 'yan makaranta masu karatun dare, ku kafa shi cikin tasa mai yashi, a ƙasa, nesa da gado da labule, kada ku like shi bisa akwati ko gefen katako, ku kashe kafin barci ya fara fizgarku.

Wata za ta ce, in mai cikin kaki aibi ne, basilin fa? Nan kuma wata magana ce. Basilin kaki ne mai laushi da mai, an bar su tare da gangan don su yi taushin shafawa. Wani Ba'amurke, Robert Chesebrough, ya je rijiyoyin mai na Titusville a 1859 ya ga leburori na shafa wani maiƙo da ke taruwa jikin sandunan famfo a kan rauni, ya ɗauka ya yi shekaru yana tacewa, a 1872 ya yi masa rajista da sunan Vaseline. Abin dubawa a nan shi ne tsabtar man da ke ciki. Man ƙasa da ba a tace sosai ba yana da abubuwa masu cutar da fata, har masana sun tabbatar yawan cuɗanya da shi na iya kawo ciwon daji na fata. Saboda haka na jariri, da na faso da hunturu, ki nemi wanda ke rufe cikin kwalbarsa da lambar NAFDAC, ki bar na awo da ake kwasa daga buɗaɗɗen bokiti ba a san asalinsa ba. Baƙin man da aka juye daga inji kuwa, wanda wasu ke shafa wa ƙazwa ko kircin akuya, kada ya taɓa jikin ɗanki.

Guntayen kyandir kada ki zubar. Tara su a gwangwani, ki sa gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi su narke, kada ki ɗora shi kai tsaye bisa wuta, don kaki in ya yi zafi ainun kamawa yake kamar man suya. In ko ya kama, kife masa murfi ko ki zuba yashi, ruwa ƙara fantsama shi zai yi. Kada ki ƙara masa kananzir ko man gyaɗa wai don ya yi auki, kin mai da abin da aka sha wahalar cirewa ke nan. Kafa zaren auduga a tsakiyar ƙaramin gwangwanin tumatir, ki zuba, ki ajiye a inuwa ya kwana.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.