YADDA A KE GYARAN MOTA MAI ƊAKI IN TA YI KARO

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata irin mota wadda rabinta mota ce, rabinta gida. A cikinta akwai gado, da madafi, da makewayi, da tankin ruwa, har da wutar lantarki. Manya daga cikinsu tsawonsu ya kan kai ƙafa 45. Waɗansu mutane don hutu su ke sayenta, su kwashi iyali su tafi bakin teku. Waɗansu kuwa, musamman tsofaffin ma'aikata masu karɓar fansho, su kan sayar da gidansu ɗungum su zuba kuɗin a cikinta, ya zama ba su da wani muhalli sai ita. To, irin wannan mutum in ya ja da baya a gidan mai ya daki turken ƙarfe, bangon ɗakin kwanansa ne ya tsage. Yau za mu bayyana wa masu karatu yadda a ke gyaran wannan ɓarna, gama aikin ya sha bamban da na masu gyaran bodi da muka saba gani da guduma.

ABIN DA A KE KIRA FAIBA

Yawancin motocin nan a zamanin yanzu ba da ƙarfe a ke lulluɓe su ba, da faibagilas ne, wanda a ke kira faiba a taƙaice. Abu biyu a ke haɗawa a same shi. Na ɗaya zaren gilashi ne, siriri ƙwarai, wanda a ke saƙawa kamar yadi, ko a daddatsa shi a baje kamar tabarma. Na biyu wani ruwa ne mai kauri kamar ƙaro, sunansa rezin, wanda ya ke sandarewa in an ɗiga masa magani. Duk wanda ya taɓa ganin magini yana cuɗa ƙasa da ramno ya riga ya gane asirin. Ƙasa ita kaɗai ta kan tsattsage, ciyawa ita kaɗai ba ta tsayuwa, amma in sun haɗu sai a sami bango. Rezin shi ne ƙasar, zaren gilashi shi ne ramnon, kuma ƙarfin duka a wurin zaren ya ke. A waje kuma akwai wata fata mai santsi da ƙyalli, kaurinta kamar rabin milimita, a na kiranta jelkot. Ita ce makubar bangon, mai hana ruwa da rana su taɓa na ciki.

Kamfanin Owens-Corning, wanda aka kafa a Amurka a 1938, shi ne ya yaɗa zaren gilashi a kasuwa. A 1953 aka fito da motar Chevrolet Corvette, guda 300 a shekarar farko, jikinta na faiba. Kamfanin Winnebago na jihar Iowa ya ƙera motarsa mai ɗaki ta farko a 1966, kamfanin GMC kuwa ya ƙera kusan 13,000 tsakanin 1973 da 1978, jikinsu alminiyam da faiba. Dalilin da ya sa maƙera suka rungumi faiba shi ne ba shi da nauyi, ba ya tsatsa, kuma a na iya zuba shi a sami kowace siffa a ke so. Amma yana da nasa hali. Ƙarfe in ya bugu sai ya lotsa, a bubbuge shi ya dawo. Faiba ba ya lotsawa. Ya kan lanƙwasa ya koma yadda ya ke, ko kuwa ya tsage, kuma sau da yawa zaren ya kan karye a ciki alhali ido bai ga kome ba a waje sai ɗan zane.

A DUBA KAFIN A TAƁA

Abu na farko, mai mota ya ɗauki hoton wurin ta kowane gefe domin kamfanin inshora, sa'an nan ya rufe tsagar da leda da tef tun a ranar. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, sabo da yadda aka gina motar. Goshinta da ƙeyarta faiba ne mai kauri, zubin guda. Bangayen gefe kuwa hawa-hawa ne: faiba siriri a waje, a bayansa katako siriri, sai farar kumfa irin wadda a ke samu cikin kwalin sabuwar rediyo, sai ƙarafan alminiyam da ke riƙe da su, duka an manne da gam. In ruwan sama ya sami ƙofa ya shiga, katakon ya kan jiƙa ya ruɓe, gam ya saki, fatar ta kumbura ta rabu da bangon. Tsagar da ba ta fi tsawon yatsa ba, in ta sha damina ɗaya a buɗe, tana iya cinye bango guda. Rigakafi dai ya fi magani.

Bayan haka mai gyara ya kan ɗauki kwabo ya bi kewayen wurin yana ƙwanƙwasawa. Inda ke da lafiya ƙarar ta kan fito tas, inda ya saki kuwa sai a ji ta dushe, kamar tulun da ya tsage. Ya zagaye duk wurin da fensir, ko da ya ninka abin da ido ke gani. Sa'an nan ya leƙa ta ciki ya san abin da ke bayan bangon, domin nan ne wayoyin wuta da bututun ruwa da na gas su ke bi. A kashe gas, a cire batir, kafin a kunna kowane inji. In an tarar wurin ya jiƙa, a bar shi ya bushe sarai ko da zai ɗauki kwanaki, gama rezin ba ya kama jiƙaƙƙen wuri.

GURZA DA SHIMFIƊA

In ƙananan zane-zane ne kamar saƙar gizo-gizo a kan jelkot kaɗai, aikin da sauƙi: a buɗa kowane zane kaɗan, a cika da sabon jelkot. Amma in tsaga ta ratsa zaren, sai an mai da sabon zare. A nan ne masu gaggawa su ke cutar jama'a. Su kan cusa fila cikin tsagar, su goge, su fesa fenti, mota ta fito kamar sabuwa. Fila kuwa ba ta da zare, ba ta ɗaukar jijjigar hanya, bayan 'yan watanni sai tsagar ta dawo a gurbinta, ruwa ya bi ta. Yaɓe ne a kan bangon da ya rabu.

Mai gyaran kirki ya kan fara huda ɗan rami a kowane ƙarshen tsagar don kada ta ci gaba, kamar yadda gyartai ke huda ƙwarya kafin ya ɗinke ta. Sa'an nan ya yanke duk abin da ya farfashe, ya gurje bakin wurin ya yi gangare kamar kwano. Ƙa'idar da a ke bi ita ce faɗin gangaren ya ninka kaurin faiban sau 12. Watau in kaurin kwatan inci ne, a gurje inci 3 ta kowane gefe. Mai mota in ya ga ƙaramar tsagarsa ta koma faffaɗan gyambo ya kan tsorata, amma faɗin nan shi ne wurin da sabon zai kama tsohon. A share ƙurar, a goge da asiton. In rami ne ya ɓulla har ciki, a tokare bayansa da kwali mai leda, a lanƙwasa shi daidai da siffar motar.

Daga nan a yanka yadin gilashi gida-gida, kowane ya fi na bayansa ƙanƙanta. Gwanaye da yawa su kan fara da babban su ƙare da ƙaramin, domin in an zo gogewa kada a yanke wanda ya fi riƙo. A dama rezin kaɗan-kaɗan. In foliyesta ne, maganin sandarewarsa, wanda a ke kira MEKP, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 a ke sa wa. A zafi na digiri 25 mutum yana da misalin minti 15 zuwa 20 kafin ya fara kauri, in zafi ya fi haka lokacin ya ragu, in sanyi ya yi ƙasa da digiri 15 kuwa da ƙyar ya ke sandarewa. A shafa rezin da buroshi, a ɗora yadi, a daddanna har farinsa ya ɓace, a murza iskar da ta maƙale ta fita, sa'an nan a ɗora na biyu. Yawan rezin ba ya ƙara ƙarfi, gaggautsa ya ke jawowa, kamar ƙasar da aka yi wa rowar ramno.

Akwai tarko biyu da ya kamata a sani. Daga cikin rezin da ke kasuwa akwai foliyesta mai araha da efoksi mai tsada, wanda ya fi kamu. Foliyesta yana narkar da farar kumfar nan ta cikin bango kamar yadda ruwa ke narkar da gishiri, don haka a bangon gefe efoksi a ke sa wa, bayan an yanke ruɓaɓɓen katako da kumfa an mai da sababbi, a matse da falanki har ya kama. Na biyu, akwai wani irin faiba da a ke matsawa a inji, sunansa SMC, mai santsi gaba da baya, irin na motocin GMC ɗin nan. Shi foliyesta na yau da kullum ba ya riƙe shi da kyau, sai efoksi ko rezin da aka yi dominsa.

GAMAWA

In facin ya sandare, sai a koma ga samfefa, a fara da mai kaushi lamba 80, a sauko 180, zuwa 320. A nan ne fila ke da amfani, shafi siriri don cike ƙananan ramuka, ba ta wuce nan ba. Sa'an nan a shafa jelkot a rufe shi da leda, domin in iska tana taɓa shi fuskarsa ba ta bushewa, ta kan zauna da danƙo. A goge da samfefa mai laushi da ruwa har lamba 1,000 ko fiye, a yi masa foli. A kan efoksi jelkot ba ya cika zama da kyau, don haka a kan fi son fenti. Daidaita launi shi ne abin da ya fi ba masu gyara wuya, gama farin da ya shekara goma a rana ya riga ya sauya, sai an yi ta gwaji a gefe kafin a dace.

Ba za mu rufe ba sai mun yi gargaɗi a kan lafiyar mai aiki. Ƙurar faiba tana sa ƙaiƙayi, tana cutar huhu, warin rezin kuma yana juya kai. A yi aikin a wuri mai iska, da takunkumi da tabarau da safar hannu. Ɗigon MEKP a ido yana iya makantarwa, don haka ruwa mai tsabta ya kasance a kusa. Ragowar rezin da aka dama kuwa ta kan yi zafi ƙwarai cikin gwangwani, kada a jefa ta cikin tsummoki ko kusa da man fetur.

Ƙaramin faci mai haƙuri yana iya yinsa da kansa cikin kwana biyu ko uku. Amma in karon ya lanƙwasa ƙarafan ciki, ko ƙofa ta daina rufuwa daidai, ko gilashin gaba ya motsa daga mazauninsa, to, aikin ya zama na gareji, kada a yi ganganci da abin da iyali za su kwana ciki, su kuma yi gudu da shi a kan titi. Wannan hanya da muka bayyana ita ce kuma a ke bi wajen gyaran kwale-kwale da tankin ruwa na faiba, amma ban da tankin roba, shi rezin ba ya kama shi. Shawararmu ta ƙarshe ga wanda zai karɓi motarsa daga hannun mai gyara ita ce, kada ƙyallin fenti ya ishe shi. Ya nemi a nuna masa hoton wurin lokacin da aka gurje shi da lokacin da aka shimfiɗa zaren, ya fito da kwabonsa ya ƙwanƙwasa, sa'an nan bayan ruwan sama na farko ya shafa bangon ta ciki ya ji ko da danshi.