Kyanwar Da Aka Tsinto Ba Lafiya: Abin Da Mai Riƙo Ya Kamata Ya Sani

Duk mai bin lungu ya san irinta. A bayan mahauta ko gindin bola ake ganinta, haƙarƙari duk a waje, kwantsa ta manne mata ido, gashi ya zube wuri-wuri, kukan ma da ƙyar yake fita. Mai tausayi sai ya saka ta a kwali ya kai gida, kuma yawanci abin da hannunsa ke fara kai wa shi ne madara da farasitamol. Madarar kuskure ce, domin akasarin manyan kyanwoyi ba sa iya narkar da madarar shanu, gudawa take sa su. Maganin kuwa kisa ne.

Hantar kyanwa ba ta sarrafa farasitamol yadda ta ɗan Adam ke yi. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum ta isa ta kashe ta: jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura. Haka fiya-fiya da wasu ke fesa mata saboda ƙuma, da maganin kaskar kare mai sinadarin fametirin, wanda ke jefa ta cikin karkarwa da farfaɗiya. Ko ruwan wanke ɗaki, irin wanda ke komawa fari idan an tsarma shi, guba ne gare ta, don za ta taka sannan ta lashe ƙafa. Miyar gida ma a yi hattara, albasa da tafarnuwa suna lalata mata jini.

Abin da take buƙata a daren farko bai da tsada. Idan kunnuwanta da tafin ƙafarta sun yi sanyi, ɗumi ne kan gaba, musamman cikin hunturu: a zuba ruwan ɗumi a gora, a naɗe da tsumma, a ajiye kusa da ita. Ba a ɗura wa kyanwar da jikinta ya yi sanyi abinci. Idan ta ɗumama, a ba ta kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini. A nan masu kirki ke yin ɓarna, su cika mata kwano saboda sun ga ta sha yunwa. Jikin da ya daɗe bai ci ba, idan abinci ya afka masa da yawa lokaci guda, wasu gishirin da ke cikin jini sukan faɗi warwas, zuciya ta rikice. Idan kuma majina ta toshe mata hanci, ba za ta ci ba, don kyanwa da ƙamshi take cin abinci. A goge hancin da auduga mai ɗumi, a ɗan ɗumama kifi ko naman kaza marar gishiri har ƙamshinsa ya tashi.

Sai keɓewa. Mako biyu a ɗaki nata ita kaɗai, nesa da yara da sauran kyanwoyin gida. Makero yana tsallakawa daga fatarta zuwa ta mutum. Akwai kuma cutar amai da gudawa mai cinye fararen ƙwayoyin jini, wadda ƙwayarta kan yi shekara a daɓe da kwano ba ta mutu ba, sai an wanke da bilic. Mai juna biyu ta bar wa wani kwasar kashin kyanwar. Babban abin tsoro shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kusan dukkansu ta cizon kare, amma kyanwa ma tana ɗauka. Idan ta yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti a ranar. Ba a jiran alama, don da zarar alama ta bayyana magani ya ƙare.

Likitan dabbobi zai so ya gwada jininta saboda cututtuka biyu. Ta farko ita ce FeLV, wadda William Jarrett ya gano a Glasgow a 1964. Tana yaɗuwa ta miyau, wajen lasar juna da cin kwano ɗaya, kuma takan gajarta rai. Ta biyun FIV ce, wadda Niels Pedersen da Janet Yamamoto suka gano a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a 1986. Da mutane sun ji an ce 'yar'uwar ƙanjamau ce sai hankali ya tashi, a mayar da dabbar bola. A ganina wannan zalunci ne da rashin sani ya haifa. FIV ba ta kama mutum. Ta cizo mai zurfi take yaɗuwa, shi ya sa ta fi yawa ga muzurai masu faɗan dare a kan katanga, waɗanda za ka ga kunne a yage, kumatu duk tabo. Muzuru mai ɗauke da ita da aka fiɗiye, aka tsare a gida, ana ba shi abinci mai kyau, yakan yi shekaru lafiya lau, ya zama kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi.

Akwai wata cutar, FIP, mai tara ruwa rawaya a ciki har kyanwa ta zama ƙashi da tumbi. Da can ba ta da magani. A 2019 Pedersen da abokan aikinsa suka wallafa gwajin wani magani mai suna GS-441524 a kan kyanwoyi 31, ana ba su na aƙalla mako 12, kuma 25 suka rayu. Sai dai yana da tsada, samunsa a ƙasashenmu kuma aiki ne.

Gaskiya asibitocin dabbobi na gwamnati a garuruwanmu sun fi sabawa da shanu da tumaki da kaji. Wanda ke kusa da asibitin koyarwa na dabbobi, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri, ya fi samun damar gwaji. Ko a can, wata kyanwar ba ta tashi. Idan ƙoda ta lalace, ko dabba ta daina ci da sha tana ta wahala, likita zai iya ba da shawarar allurar da za ta hutar da ita, kuma wannan magana ce da mai riƙo ya kamata ya saurara da kunnen basira.

Wadda ta warke, a yi mata rigakafi, a ba ta maganin tsutsar ciki, a kuma yi mata aikin hana haihuwa kafin a miƙa ta, don macen kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu, ta haihu bayan mako tara. Wanda zai karɓe ta a ba shi katin asibitinta, a faɗa masa abin da gwaji ya nuna da maganin da ya rage, sannan a tambaye shi ko akwai wata kyanwar a gidansa.