Ƙanƙara a Fiffiken Jirgin Sama, da Yadda Ake Gwada Ta a Kwamfuta

In aka ce ƙanƙara tana kayar da jirgin sama, da yawa daga cikinmu za su ce wannan matsalar mutanen ƙasashen sanyi ce, ina ruwanmu da ita a nan inda rana ke ƙuna? To, maganar ba haka take ba. Shi ya sa na ga ya kamata in ɗan yi bayani a kanta, tare da yadda mutum zai iya gwada ta yana zaune a ɗaki, ta hanyar manhajar kwamfuta mai kwaikwayon tuƙin jirgi.

Da farko dai, malaminmu na labarin ƙasa ya koya mana cewa duk sa'ad da aka yi sama da ƙafa 1,000, zafin iska yakan ragu da kamar digiri 2. Ke nan in zafin Kano ya kai digiri 32, jirgin da ya yi sama da ƙafa 16,000 ya isa inda ruwa ke daskarewa. Abin mamaki kuma, ɗigon ruwan da ke cikin gajimare yana iya wuce wannan sanyi bai daskare ba, sai ya sami abin da zai taɓa. Da zarar jirgi ya ratsa, sai ɗigon ya bugi fiffike ya daskare nan take. Wani lokaci ƙanƙarar takan fito fara mai kaushi, wani lokaci kuwa garau kamar gilashi, wadda ta fi wuyar gani.

Mutane da yawa suna zaton nauyinta ne ke jawo jirgi ƙasa. Nauyin yana da nasa lahani, amma babbar ɓarnar tana wajen siffar fiffike. An ƙera fiffike ne sumul domin iska ta bi ta kansa ba tangarɗa, ta haka yake samun ƙarfin ɗaga jirgi. In ƙanƙara ta ɓata wannan siffa, ƙarfin ɗagawa ya ragu, turjiyar iska ta ƙaru, har fiffiken ya daina ɗaukar jirgin alhali yana gudun da a da ya ishe shi. Ɓarna ta biyu ita ce toshe 'yan ƙananan bututun da ke auna gudun jirgi da ƙarfin inji. In suka toshe, agogunan da ke gaban matuƙi sai su shiga yi masa ƙarya.

Manhajojin da aka fi sani a wannan fanni su ne Microsoft Flight Simulator, wadda ta fara fitowa a 1982, da kuma X-Plane. Wadda Microsoft ta fitar a 2020 tana nuna ƙanƙara tana taruwa a fiffike da gilashin gaba, kuma tana iya ɗauko yanayin sama na gaskiya ta intanet. Akwai wurin da mutum zai zaɓa ko ƙanƙarar ta zama ta kallo kawai, ko kuwa ta yi wa jirgin illa.

Lokacin hutun da ya wuce na gwada ta a kwamfutar yayana. Na ɗauki ƙaramin jirgi mai inji ɗaya, Cessna 172, na sa gajimare mai kauri da sanyin digiri 5 ƙasa da sifili, na kutsa ciki. Ba a jima ba gilashin gaba ya yi fari fat. Gudun jirgin ya riƙa raguwa ko da yake ban taɓa mai ba, sai na ɗaga hancinsa kafin ya tsaya a tsayin da yake. Can kuma allurar gudu ta faɗi sifili, jirgi kuwa yana ta tafiya. Na kunna maɓallin da ke ɗumama bututun, allura ta dawo. Amma irin wannan jirgi ba shi da abin kakkaɓe ƙanƙara daga fiffike, saboda haka dabara ɗaya ta rage, watau in sauko inda iska ta fi ɗumi. Manyan jirage su ne ke da kayan yaƙi da ita: wasu suna tura iska mai zafi daga inji zuwa bakin fiffike, wasu kuwa suna da roba mai kumbura wadda ke fasa ƙanƙarar ta zube.

Kada a ɗauka wannan wasa ne kawai. Ran 1 ga Yuni 2009, jirgin Air France mai lamba 447 da ya taso daga Brazil zuwa Faransa ya faɗa tekun Atlantika, mutum 228 suka rasu. Bincike ya nuna matsalar ta faro ne daga toshewar bututun auna gudu. Kusa da mu kuma, ran 24 ga Yuli 2014, jirgin Air Algérie mai lamba 5017 ya tashi daga Wagadugu zai je Aljeriya, ya faɗi a ƙasar Mali da mutum 116. A nan ma ƙanƙara ce ta toshe na'urar auna ƙarfin inji, ba a kuwa kunna abin ɗumama ta ba, gudun jirgin ya yi ta raguwa har fiffike ya kasa. Wannan fa a sararin Afirka ta Yamma ne, a tsakiyar damina.

Sai dai kuma dole a san iyakar manhajar gida. Ƙanƙarar gaske takan taru da siffa dabam-dabam gwargwadon girman ɗigon ruwa da irin fiffiken, ita kuwa kwamfutar gida lissafi ne taƙaitacce take yi. Ba ka jin girgizar jirgi a jikinka, ba ka jin tsoro, in ka faɗi kuma sai ka danna maɓalli ka sake tashi. Wanda ya saba shiga gajimare a kwamfuta yana fita lafiya, kada ya ɗauka haka abin yake a sama. Duk mai son zama matuƙi na gaske sai ya nufi makaranta irin Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964.

Roƙona ga iyayenmu shi ne, in sun ga yaro yana wannan wasa lokacin hutu, su tambaye shi abin da ya koya kafin su hana shi. Ku kuma abokaina masu burin tuƙin jirgi, ku riƙe lissafi da kimiyya da labarin ƙasa da kyau tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya.