3.4 Fiɗiye Duƙushi Kafin a Sayar da Shi

Kamar yadda aka yi bayani a baya, ba kasafai Bahaushe yake fiɗiye doki ba. Abin da yake so shi ne ingarma mai kaurin wuya, mai haniniya da rawa a ranar hawan salla. Saboda haka duk mai duƙushin da zai kai shi kasuwa irin ta Maigatari, sai ya yi tunani sosai kafin ya sa a taɓa shi, domin aiki ne da ba a warware shi.

Abu na farko da ake dubawa shi ne mai saye. Idan 'yan hawa ake hari, ko masu goɗiyoyi da ke neman iri, to fiɗiya karya kuɗin doki take yi. Dillali na dubawa ya ga babu 'ya'yan maraina, sai tayi ya sauko. Amma mai neman dokin da yara za su koyi hawa da shi, ko wanda za a ɗaure barga ɗaya da wasu ba tare da cizo da harbi ba, ya fi son fiɗiyayye saboda sanyin halinsa.

Akwai kuma batun addini. A cikin Risala, Ibn Abi Zaid ya nuna babu laifi a fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, amma an yi hani a kan dawaki. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa al'adar ba ta yi ƙarfi a ƙasar Hausa ba.

Idan kuwa an yanke shawarar yi, likitocin dabbobi sun fi so a yi tsakanin wata 6 da shekara 2, bayan 'ya'yan marainan biyu sun sauko. Duƙushin da aka yi wa da wuri yakan ɗan ƙara tsawo, sai dai wuyansa ba ya cika. Wanda ya riga ya saba da barbara kuwa, sau da yawa ba ya barin halinsa. Lokacin hunturu ya fi damina, saboda ƙarancin ƙudaje, kuma dole a yi masa allurar rigakafin cutar sandarewar jiki, wadda take saurin kashe dawaki. Miki yakan ɗauki makonni kafin ya warke, ga kuɗin magani da na harawa a kan mai shi.

A ganin mai wannan nazari, in dai duƙushi ba mafaɗaci ba ne, kuma ƙirarsa tana da kyau, gara a sayar da shi yadda yake, wanda ya saya ya yi abin da ya ga ya dace da buƙatarsa.