ALKUKI: ƊAN GURBIN FITILA DA KE RAYA TSOHON GINI

Duk wanda ya ziyarci Gidan Kayan Tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, zai tarar da wani fili a gefensa inda aka kwaikwayi manyan gine-ginen gargajiya na Nijeriya. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Zbigniew Dmochowski, shi ne ya jagoranci aikin cikin shekarun 1970, aka tayar da irin ganuwar Kano da kuma Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19.

Idon baƙo dai yakan tsaya ne kan zanko da tulluwa da bakan gizo. Amma ga mai son ya kwaikwayi irin wannan gini a ɗan ƙaramin siffa, watau kamar yadda ɗaliban zanen gine-gine ke yi bisa tebur, akwai wani abu da bai kai tafin hannu biyu ba wanda ya kamata ya lura da shi. Wannan abu kuwa shi ne alkuki, ɗan gurbin nan da magina ke bari a jikin bangon soro ko zaure don a ajiye fitila.

A ƙasashen Turai, masu sha'awar ƙera ƙananan fadoji na zamanin da sukan lanƙwasa waya su liƙa a bango, domin can maƙalin ƙarfe ake kafawa a jikin dutse a ɗora kyandir ko bakin wuta. Ginin Hausa kuwa ba haka yake ba. Bangon tubali yana da kauri ƙwarai, saboda haka fitilar cikin bangon take zama, iska ba ta kashe ta, yaro bai ture ta. Wanda ya liƙa maƙalin Turawa a jikin soron Bahaushe, to, ya sa wa ginin rigar aro.

Aikin yana bukatar haƙuri. In an rage ginin sau 50, alkukin da tsawonsa ya kai santimita 30 zai koma milimita 6 kacal. Da tsinke ko allura ake fafe shi tun yumɓu bai bushe ba, a zagaye samansa, a daidaita ƙasansa. Ita fitilar, watau ɗan kaskon da a da ake zuba wa man gyaɗa ko man kaɗanya, ba za ta fi ƙwayar gero biyu ba, a sa mata silin zare a madadin lagwani. Masu son haske sukan ɓoye ɗan mitsitsin ƙwan lantarki a bayan bango. Daga nan sai a goga garin gawayi a saman gurbin, gama alkukin da babu baƙin hayaƙi a kansa alama ce ta gidan da ba a taɓa kwana ciki ba.

Wannan ba wasan yara ba ne. Ginin ƙasa sai da yaɓe a kai a kai, ga shi kuwa damina a Filato tana da ƙarfi. Bulo da siminti sun kori tubali da azara a birane, lantarki da tocila sun kori fitilar mai, magina masu wannan sani kuma suna ta raguwa. Dmochowski ya rasu a 1982, aka buga littafinsa mai juzu'i uku a 1990, cike da awo da zane. Amma takarda ba ta koya wa hannu aiki. Ya kamata hukumar kula da gidajen tarihi da Jami'ar Jos su haɗa tsofaffin magina da ɗalibai, tun masu sanin inda ake fafe alkuki suna raye.