Halin ko-in-kula da siyasa: Darasi daga Yauri da Amurka

A zaɓen shugaban ƙasa da aka gudanar a Najeriya ranar 25 ga watan Fabrairun 2023, mutane fiye da miliyan 93 ne ke da rajista, amma waɗanda suka fita suka kaɗa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba.

Hakan na nufin kimanin kashi 27 cikin ɗari ne suka yi zaɓe, wanda shi ne adadi mafi ƙanƙanta tun da ƙasar ta koma bisa tafarkin dimokuraɗiyya a 1999.

Shugaba Bola Tinubu ya lashe zaɓen da ƙuri'u kusan miliyan 8.8, wato ƙasa da kashi goma cikin ɗari na masu rajista.

A jihar Kebbi ma haka lamarin ya kasance. Daga cikin masu rajista sama da miliyan biyu, ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa ba su kai dubu 600 ba.

An daɗe ana danganta irin wannan hali da Amurkawa, waɗanda ake yi wa kallon mutanen da harkar gabansu kawai suka sani. To sai dai a shekarun baya-bayan nan alƙaluma sun juya: Amurkawa na ƙara fita zaɓe, 'yan Najeriya kuwa na ƙara zama a gida.

Masarautar Yauri, wadda ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga a gaɓar tafkin Kainji, wuri ne da ya dace a duba dalilan da ke sa mutane su juya wa siyasa baya, da kuma abin da hakan ke janyo musu.

Abin da alƙaluma suka nuna

A 1999 kimanin kashi 52 cikin ɗari na masu rajista a Najeriya ne suka yi zaɓe. Adadin ya haura zuwa kashi 69 a 2003, daga nan kuma ya riƙa yin ƙasa: kashi 57 a 2007, kashi 54 a 2011, kashi 44 a 2015, sai kashi 35 a 2019.

Sai dai akwai buƙatar a yi taka-tsantsan da alƙaluman farko. An yi zargin aringizon ƙuri'u a zaɓukan 2003 da 2007, har ma marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar Adua ya amince a ranar rantsar da shi cewa zaɓen da ya kawo shi mulki yana da nakasu.

Shigo da na'urar tantance masu zaɓe a 2015, da kuma na'urar BVAS a babban zaɓen 2023, ya sa rubuta ƙuri'un bogi ya ƙara wahala. Bugu da ƙari, kundin rajistar kansa yana ɗauke da sunayen mutanen da suka rasu ko suka yi ƙaura.

Duk da haka, tazarar da ke tsakanin Najeriya da wasu ƙasashen Afirka ta yi yawa. A Kenya kimanin kashi 65 cikin ɗari ne suka fita a 2022, yayin da a Ghana aka samu kusan kashi 61 a 2024.

Yadda lamarin yake a Amurka

A zaɓen 1960, wanda John Kennedy ya lashe, kimanin kashi 63 cikin ɗari na Amurkawan da suka isa zaɓe ne suka kaɗa ƙuri'a. Zuwa 1996 adadin ya faɗo zuwa kashi 49.

Wannan koma-baya ne ya sa wani malamin Jami'ar Harvard, Robert Putnam, ya wallafa littafinsa mai suna Bowling Alone a shekara ta 2000.

A cikin littafin ya nuna cewa ƙaurace wa zaɓe ɓangare ne kawai na wata matsala mafi girma. Amurkawa sun rage shiga ƙungiyoyin ƙwadago da na iyayen yara da malamai, sun rage halartar tarukan unguwa, sun ma rage ziyartar maƙwabta.

Daga cikin dalilan da ya kawo akwai yawan kallon talabijin, da doguwar tafiya tsakanin gida da wurin aiki, da kuma shuɗewar mutanen da suka ga Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda suka tashi da al'adar aikin gayya.

Akwai kuma dalilai na tsari. Tun 1845 doka ta tsayar da Talata a matsayin ranar zaɓe, kuma ba ranar hutu ba ce a faɗin ƙasar. Sannan tsarin zaɓen shugaban ƙasa ta hanyar wakilan jihohi ya sa jihohi ƙalilan ne ke raba gardama. A 2024 hankalin 'yan takara ya karkata ne ga jihohi bakwai daga cikin hamsin.

Amma zafin hamayyar da ta ɓarke tsakanin jam'iyyun Republican da Democrat ya dawo da jama'a rumfunan zaɓe. A 2020 kimanin kashi 66 cikin ɗari na waɗanda suka cancanta ne suka yi zaɓe, adadin da ba a ga irinsa ba tun 1900, sannan aka samu kusan kashi 64 a 2024.

Inda halin ko-in-kula ya fi bayyana shi ne a ƙananan zaɓuka. A zaɓen magajin garin New York na 2021, ƙasa da kashi ɗaya bisa huɗu na masu rajista ne suka fita.

Alkawuran Kainji

Wanda yake son ya fahimci yadda mutumin Yauri ke kallon gwamnati, sai ya koma shekarun 1960.

An fara gina madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya shanye gonaki da tsibirai da garuruwa, ciki har da tsohon garin Bussa, inda aka sake wa mutane kimanin dubu 44 matsuguni.

Daga cikin waɗanda abin ya fi shafa akwai Gungawa, mazauna tsibiran kogin Neja, waɗanda suka shahara da noman albasa da kamun kifi.

An tsara madatsar ne ta samar da megawat 960 na wutar lantarki ga ƙasa. Amma shekaru da dama bayan haka, ƙauyuka masu yawa da ke bakin tafkin sun ci gaba da kokawa game da rashin wuta da hanyoyi, ga kuma ambaliyar da ke cinye amfanin gona.

Sai a 2010 aka kafa dokar hukumar raya yankunan da ke samar da wutar lantarki ta ruwa, wato HYPPADEC, kuma hukumar ta shafe kimanin shekaru goma kafin ta fara aiki.

Mutumin da kakansa ya jira, mahaifinsa ya jira, shi ma yake jira, da wuya a gamsar da shi cewa dangwala yatsa a takarda zai sauya wani abu. Hausawa dai na cewa ruwa ba ya tsami banza.

Shekarar 2021

Abubuwa biyu da suka auku cikin kimanin makonni uku a ƙaramar hukumar Ngaski sun ƙara wa wannan tunani ƙarfi.

A ranar 26 ga watan Mayun 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse a kusa da garin Wara. Kimanin mutum 20 ne aka ceto da rai. Jami'an hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa sun ɗora alhakin hatsarin a kan lodin da ya wuce kima.

A ranar 17 ga watan Yuni kuma, 'yan bindiga suka kai hari Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka sace ɗalibai da dama da wasu ma'aikata.

An riƙa sako su rukuni-rukuni, amma 'yan mata 11 suka ci gaba da zama a hannun maharan. Iyayensu ne suka kafa kwamiti, suka shiga neman taimakon jama'a da sayar da kadarori. Sai a watannin Afrilu da Mayun 2023 aka sako su.

Ke nan a lokacin da ake gudanar da babban zaɓen 2023, waɗannan yara suna daji.

Wahalar ranar zaɓe

Ban da yanke ƙauna, akwai lissafi na yau da gobe. A Najeriya mutum yana yin zaɓe ne kawai a rumfar da ya yi rajista, kuma ana hana zirga-zirga a ranar.

Masunci da ya bi kifi zuwa wani sashe na tafkin, ko ɗan ci-rani da ke Legas ko Anacha, sai ya bar sana'arsa ya biya kuɗin mota ko na jirgi kafin ya isa gida. Zaɓukan 2019 da 2023 kuma sun faɗo ne a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da aikin noman rani ke kan ganiyarsa.

A 2019 hukumar zaɓe ta INEC ta ɗage zaɓen shugaban ƙasa da mako guda, sa'o'i kaɗan kafin a buɗe rumfuna, bayan mutane sun riga sun yi tafiya. A 2023 kuma zaɓen ya zo a tsakiyar ƙarancin takardun naira da na man fetur.

A wasu ƙauyukan da 'yan bindiga suka tarwatsa kuwa, masu zaɓen ba sa ma zaune a garuruwansu.

Ko-in-kula ko fushi?

Akwai alamun da ke nuna cewa jama'a ba su daina damuwa da al'amuransu ba.

A zaɓen gwamnan Kebbi na 2023, manyan 'yan takara biyu, Nasir Idris na APC da Aminu Bande na PDP, sun samu ƙuri'u kimanin dubu 770 a tsakaninsu, wato fiye da dukkan ƙuri'un da aka kaɗa a zaɓen shugaban ƙasa a jihar. Hamayyar ta yi zafi har sai da aka je zagaye na cike giɓi a watan Afrilu.

Wannan na nuna cewa idan mutane suka ga takara ta gaskiya ce, kuma kujerar tana kusa da su, sukan fito.

Akasin haka ake gani a zaɓen ƙananan hukumomi, wanda hukumomin zaɓe na jihohi ke shiryawa. A kusan kowace jiha jam'iyyar gwamna ce ke lashe dukkan kujeru, kamar yadda APC ta lashe ƙananan hukumomi 21 na Kebbi a 2024. Idan an san sakamako tun kafin a buɗe akwati, mutane ƙalilan ne za su sha rana a layi.

Haka nan kuma irin zumuncin da Putnam ya ce ya yi rauni a Amurka yana nan da ransa a Yauri. Ƙungiyoyin masunta da na 'yan albasa da na direbobi, da kwamitocin masallatai, da 'yan sa-kai, duk suna tara kuɗi suna kuma warware matsaloli. Abin da ya yanke shi ne igiyar da ta haɗa wannan himma da hukuma.

Wa ke cin ribar zama a gida?

A nan ne bambanci tsakanin ƙasashen biyu ya fi fitowa fili.

Ba'amurken da ya ƙi yin zaɓe yana iya kwana da tabbacin cewa gobe makaranta za ta buɗe, famfo zai kawo ruwa, motar kashe gobara kuma za ta zo idan ya kira. Mutumin Wara ko Shanga ba shi da wannan tabbaci, domin samun hanya ko asibiti ko rigar ruwa a jirgi sau da yawa ya dogara ne ga wanda ke riƙe da kujera.

Sannan duk lokacin da masu zaɓe suka ragu, sayen ƙuri'a yana ƙara araha. Ɗan takarar da ke buƙatar ƙuri'u dubu goma ya fi samun sauƙin raba taliya da atamfa a kan wanda ke buƙatar dubu hamsin. Bayan zaɓe kuma, waɗanda suka fito su ne yake jin nauyinsu.

Hukunce-hukuncen da ake yankewa a Abuja ba sa tsallake wanda ya zauna a gida. Cire tallafin mai da aka sanar ranar 29 ga watan Mayun 2023 ya ninka farashin fetur cikin kwanaki, kuma ya shafi duk mai injin jirgin ruwa da mai injin ban-ruwa a gaɓar Kainji, ko ya yi zaɓe ko bai yi ba.

Tarihin Amurka ma ya nuna cewa ƙuri'u kaɗan na iya sauya alƙiblar ƙasa. A shekara ta 2000, tazarar ƙuri'u 537 a jihar Florida ce ta bai wa George W. Bush shugabanci.

Hanyoyin da doka ta tanada

Shiga harkokin jama'a bai tsaya ga ranar zaɓe ba. Sashe na 69 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa masu zaɓe damar fara yunƙurin yi wa ɗan majalisar tarayya kiranye, idan fiye da rabin masu rajista a mazaɓarsa suka sa hannu a takardar koke.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta bai wa ɗan ƙasa damar tambayar ma'aikatun gwamnatin tarayya yadda suka kashe kuɗin jama'a.

A ranar 11 ga watan Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ko da yake aiwatar da hukuncin ya gamu da tsaiko.

Dukkan waɗannan hanyoyi sai da masu bibiya suke aiki. Ƙungiyar masunta da za ta iya tara kuɗin gyaran mashigi tana iya kiran kansilanta ya yi mata bayanin abin da ya shigo asusun ƙaramar hukuma.

'Yancin zaɓen kansa ba a ruwan sanyi aka same shi ba. Matan arewacin Najeriya ba su samu damar kaɗa ƙuri'a ba sai a 1976, bayan gwagwarmayar irin su Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka ɗaure sau da dama a zamanin jam'iyyar NEPU.

Ko jama'ar Yauri da sauran sassan ƙasar za su koma rumfunan zaɓe, wannan ya ta'allaƙa ne ga abubuwa biyu: hukumar zaɓe ta gamsar da su cewa za a ƙidaya ƙuri'unsu, waɗanda aka zaɓa kuma su nuna musu abin da ƙuri'ar ta haifar.